Kwandon Yayanka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Daga ubanka, Malam Jibo na ƙasar Kara, zuwa ga ɗana Nasiru.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka Maryamu da 'yar jaririyarku. Yaya haɗa kaya? Yaya ɗawainiya? Allah Ya kai ku Kaduna lafiya ranar Asabar, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Allah Ya sa aikin nan da ka samu ya zama abincinka na halal, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari.

Ka san ni a boko ko bihim ban sani ba. Abokina Malam Isa, tsohon malaminku na firamare, shi ne riƙe da biro. Mun yi sharaɗi da shi: abin da bakina ya faɗa shi zai rubuta, ba ragi ba ƙari. In ka ga magana ta karkace, tawa ce.

Shekaranjiya ka zo daga Gwarzo ka zauna a zaure, ka ce bayan Sallah za ka dawo da mota ka ɗauki yayanka ya koma wurinka da zama. Ka ce ka kama gida mai ƙyaure da famfo, zai ci ya ƙoshi ya huta, a daina bautar da shi a maƙabarta. Na daka maka tsawa, na ce ba inda za shi, na tashi na bar ka zaune. Na san ka tafi kana cewa taurin kan tsoho ne. Taurin kan akwai shi, ban musa ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai maganar da ba zan iya faɗa maka ido cikin ido ba, shi ya sa na nemi takarda, don ita ba ta kallon mutum.

Yayanka shi ne ɗan farinmu. Ka san asalinmu masu shanu ne, kakanka da sanda a kafaɗa ya shigo ƙasar nan. A gidajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Al'ada ce mai kyau ga uban da so ya cika wa ciki yana dannewa. Ni ba so nake dannewa ba.

Bai yi tafiya ba sai da ya shekara uku. Magana sai da ya kai biyar, ita ma guntu-guntu. A makarantar allo sa'anninsa suka yi sauka, shi yana nan a Ƙulhuwallahu. Ku 'yan boko kuna cewa masu buƙata ta musamman. To, a zamaninmu dolo ake cewa, kuma ni ma na faɗa. Wata rana Innarku tana surfe na tsaya a kanta na ce, “Wannan irin naku ne na mutanen Gammo, mu a danginmu babu.” Ba ta ajiye taɓarya ba. Cewa ta yi, “To Malam, na ji. Nawa ne ni kaɗai.” Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa janye ta ba. Nasiru, duk abin da Allah Ya ba ku kai da Maryamu, naku ne ku biyu. Kada ɓacin rai ya sa ka raba 'ya'ya gida biyu, ka ɗauki masu daɗi ka bar mata sauran. Irin wannan maganar ba ta ruɓewa.

In baƙi suka zo, sai in sa a kai shi bayan gida wajen turken awaki. In yana tafe a hanya in sake hanya. Mutane kuwa sai yabo: “Kai, Malam Jibo akwai kunya, Bafulatanin asali ke nan, ko kallon ɗan farinsa ba ya yi.” Ni kuma in sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Na sami rumfa mai inuwa na ɓuya a ciki shekara da shekaru. Ka ji tsoron yabon da kai kanka ka san ba naka ba ne. Ya fi zagi lalata mutum, don shi zagi yana hana ka sakewa.

Yanzu maganar maƙabarta. Ka san tamu ba allo ba rubutu, damina uku ta isa ta shafe tudun kabari ya koma daidai da ƙasa. Ubana a ka ya riƙe ta, ya zuba mini, wane yana nan, wance tana can, taku kaza daga gindin marke. In aka yi rasuwa, ni ake fara aiko wa: “Malam Jibo, ina za a sara?” In je in nuna da sanda. Ba ni da sarauta, ba ni da ilimi, wannan shi ne rawanina, kuma na naɗa shi da girma har ya rufe mini ido.

Yayanka yana da wajen shekara goma sha biyar, aka kwana ana ruwa. Da hantsi na leƙa maƙabarta, sai na hango mutum durƙushe. Kabarin wani Malam Audu ne ya rufta. Yayanka ya ɗauko kwandon Innarku, yana ɗebo ƙasa daga bakin rafi yana cikawa, yana daddaɓewa da tafin hannu, yana cewa, “Sannu, sannu, an rufe ka.” Ba wanda ya aike shi. Kafin damina ta yi nisa ya yi abokan aiki biyu masu irin lalurarsa. Akwai Sale, wanda iyayensa suka taso daga Gude, shi ne mai jido ruwan kwaɓa ƙasa. Akwai Talatu, ita ba ta shiga tunda mace ce, gida-gida take bi tana tattara fasassun tukwane da ake jerawa a rufe mamaci, ta ajiye a bakin danga. Gari ya sa wa yayanka suna Mai Kwando.

Ran kasuwar Gwarzo na tsaya a rumfar Alhaji Tanko mai hatsi, ɗan garinmu, cike da mutane. Yana ganina ya ɗaga murya:

“A'a, Sarkin Maƙabarta! Ashe naɗi aka yi ba gayyata? Na ga Waziri Mai Kwando da fadawansa biyu.”

Na ce, “Alhaji, auna mini dawa in wuce.”

Ya ce, “Za a auna. Amma don Allah ka ja masa kunne, kada wata rana ina ƙailula ya zo ya rufe ni da raina.”

Rumfa ta kwashe da dariya, har da masu ɗinkin buhu. Ban tsaya dawar ba. Na komo gida, na fizge kwandon daga hannunsa, na tura shi a murhu. Bai yi kuka ba. Tsugunawa ya yi yana kallon wutar har ta cinye, sannan ya ɗago ya ce, “Baba, Malam Audu zai jiƙe.”

Na sa aka riƙa kulle shi a gida duk sauran daminar. Sai da Innarku ta kwanta ciwon ajali ta ce da ni, “Malam, ka yafe ni, na taɓa saɓa maka. Daminar da ka kulle yaron nan, in ka tafi gona ni nake ɗage masa zana ta bayan rumbu, in ba shi tsohon kwano.” Ka san abin da na ce? Na ce, “Na yafe miki.” Ni! Kamar ni aka yi wa laifi. Kwana biyu bayan nan ta cika, maganar da ya kamata in faɗa mata ban faɗa ba. In ka yi wa mutum ba daidai ba, ka roƙe shi tun kunnensa yana ji. Kuma kada ka taɓa hukunta na gidanka don mutanen rumfa sun yi dariya. Su kafin la'asar sun manta, suna dariyar wani.

Bayan daminar kullen nan na gaji na daina hanawa. Amma ban taɓa ce masa sannu ba. Shekara ashirin da ɗoriya mutane suna cewa maƙabartarmu ta fi ta kowa gyara, ina amsawa da “aikin Allah ne,” kamar ni na ɗauki ko kwando ɗaya.

Abin da zan faɗa yanzu ba ka sani ba, don mutanen da suke wurin sun rufa mini asiri. Malam Isa yana cikinsu. Yanzu ma ya ɗago ya ce ko a bar wannan. Na ce rubuta.

Bara waccan yanar ido ta fara rufe mini gani. Ban gaya wa kowa ba, wai kada a ce Malam Jibo ya ƙare. A shekarar ne kuma iska ta kayar da tsohon marke, wanda ubana ya koya mini ƙirga taku daga gindinsa, aka sare shi aka yi itace. Saura ƙaramin da ke gefensa. Da tsohon ladaninmu ya rasu aka aiko mini da hantsi. Na je na lalubi marke, na ƙirga takuna, na dafa sanda na ce, “Nan.” Daga ƙaramin na ƙirga, ban sani ba.

Sai na ji muryar yayanka a bayana: “Baba, da mutum.”

Na ce, “Kai, matsa.”

Ya ce, “Baba, Rabi ce. Rabi tana nan.”

Rabi ba ka san ta ba. Yayarka ce, ƙyanda ta ɗauke ta tana 'yar shekara biyu, kafin a haife ka. Ni na sa ta a kabari da hannuna. Ranar yayanka yana yaro, ya biyo mu daga nesa, na kore shi bai koma ba. Ashe tun da ya fara aikinsa, duk shekara sai ya kafa ɗan guntun kasko a kanta.

Na ce, “Rabi tana can gaba. Ni za ka koya wa inda 'yata take?”

Sai ya zauna daɓas a wurin, ya rungume kwandonsa. Mutane sun fi talatin tsaye, ga liman, ga 'ya'yan mamaci. Da wani ne ya yi mini gardama, wallahi da na tsaya na sake dubawa. Amma a ce Mai Kwando ya gyara wa Malam Jibo a gaban jama'a? Na ce a ɗaga shi. Mutum biyu suka ciccibe shi yana cewa, “Da mutum, da mutum.” Na san a cikin masu haƙa akwai waɗanda suka ga guntun kaskon nan. Ba wanda ya iya buɗe baki, saboda girmana.

Ba su yi zurfi ba diga ta daki tukunya. Wannan ƙarar na san ta. Mai haƙa ya yar da digar ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Yayanka ya ƙwace ya sauka ramin. Ya mayar da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, Sale ya zubo ruwa, ya kwaɓa ya liƙe. Yana yi yana magana a hankali, amma kowa ya ji:

“Yi haƙuri, Rabi. Baba ba ya gani.”

Ashe ya sani. Abin da na ɓoye wa gari duka, shi ya daɗe da sani, don shi kaɗai ne yake kallona kullum, ni da ba na kallonsa.

Da ya gama, liman ya yi gyaran murya ya ce, “To Mai Kwando, ina za a sara?” Ya tashi ya yi gabas, ya tsaya kusa da wata aduwa ya ce, “Nan ba kowa.” Aka sara, ba kowa. Kada ka zaci wani abin al'ajabi ne ko aljanu, yadda wasu suke faɗa. Mutumin da ya shekara ashirin yana cika ramukan nan da hannunsa ai dole ya san su. Ni da baki na gada, shi da tafin hannu ya koya.

Tun daga ranar, in an yi rasuwa har yanzu ni ake aiko wa, don kara. Yayanka ya riƙe kan sandata yana gaba ina baya. Inda ya tsaya, nan nake dafawa in ce, “Nan.” Jama'a su ce, “Malam Jibo ya nuna.” Kowa ya san wanda ya nuna. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni dai nawa babban a makance ya tsaya kan 'yarsa. In wanda ka raina ya ce maka da mutum a nan, Nasiru, ka tsaya ka duba. Ko a ofis ne, ko mai shara ne ya faɗa.

Yanzu bari in zo kan taka maganar. Ka ce wani ya ɗauki yayanka a waya, jikinsa duk taɓo, ya watsa ana ta dariya, har abokan aikinka suka gani. Da kake faɗa muryarka tana rawa. Na san wannan rawar, ita ce ta biyo ni daga rumfar Alhaji Tanko. Ni murhu na samu, kai ka sami gida mai ƙyaure. Naka ya fi nawa kyau, akwai tausayi a ciki, ban ce babu ba. Amma ka zauna kai kaɗai ka tambayi zuciyarka: shi za ka hutar, ko kai?

Ba duka maganarka ce banza ba. Gaskiya ne akwai masu cin amanarsa. Akwai masu sa shi sauke buhuna ran kasuwa su sallame shi da ƙosai biyu, haka suke yi wa Sale da Talatu. Wannan zalunci ne, kuma na yi shiru a kansa da daɗewa. Na yi wa liman magana, ya faɗa a masallaci ranar Juma'a, ni ma duk wanda na ji zan je ƙofar gidansa da sandata. Amma ka raba aikin da aka ɗora masa da aikin da ya ɗauka da kansa. Na maƙabarta ba wanda ya ba shi. An hana shi ma, ya koma. Yanzu in matasan gari za su yi gayyar sharar maƙabarta kafin damina, shi suke jira ya raba musu wuri. Alhaji Tanko kansa ya rasu bara. Kabarinsa ya rufta sau biyu, sau biyun yayanka ne ya cika shi yana ce masa sannu. Bai dai rufe shi da ransa ba.

Jiya na yi abin da ban taɓa yi ba cikin shekara arba'in. Na tambaye shi. Yana zaune yana cin ɗumame na ce, “Za ka bi Nasiru Kaduna?”

Ya ce, “Da mota?”

Na ce, “Da mota.”

Ya yi dariya har da tafi. Ba zan ɓoye maka ba, yana son mota, kuma yana sonka. Ya ce, “In dawo la'asar?”

Na ce, “A'a, zama za ka yi can.”

Ya ajiye kwanon. Can ya ce, “Akwai maƙabarta a Kaduna?”

Na ce, “Akwai, manya-manya.”

Ya ce, “Ban san su ba.” Sannan ya ce, “Wa zai rufe Inna in an yi ruwa?”

In kai kana da amsa, ka zo ka ba shi.

Ga abin da nake roƙonka, kuma ka san roƙo ba halina ba ne. In ka zo bayan Sallah, kada ka fara da buɗe masa ƙofar mota, don zai shiga da murna bai san abin da ya shiga ba. Ka kwana, da safe ka cire takalmin ofis ka bi shi maƙabarta. Ka bar shi ya nuna maka Innarku da Rabi da kakanka. Ka ɗauki kwando ko sau uku ne. Bayan nan ka tambaye shi, ka ba shi lokaci, don maganarsa ba ta son gaggawa. In ya ce zai bi ka, wallahi ba zan tare ƙofa ba. Na tare masa ƙofa sau ɗaya, ya ishe ni hisabi.

In ya ce zai zauna, kada ka ji tsoron bayana. Habu ɗan ƙanena da matarsa suke dafa mana tun rasuwar Innarku, mun yi magana a gaban liman, ɗakinsa nasa ne. Kai naka shi ne ka riƙa leƙo shi, ka kula da maganin tarin nan nasa, ka aiko masa da dogon takalmin roba saboda kunama da maciji, har na Sale in da hali. Da rani kuwa, lokacin da kabari ba ya ruftawa, ka zo ka ɗauke shi ya yi sati a wurinka, ya sha mota ya ƙoshi, ka dawo da shi kafin hadari ya fara haɗuwa.

Akwai kuma son kaina a ciki, gara in faɗa. Kwanaki yana jan sandata, sai ya tsaya a wani wuri ba tare da an yi rasuwa ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani dutse. Ya ce, “Baba, nan Inna. Nan kuma ba kowa. Na ajiye maka, ban ba kowa ba.” Ɗan da na kai turken awaki shi ya yi mini tanadin makwanci. Ranar da za a tambaya ina za a sara, ba na nan balle in dafa sanda a ce na nuna. Ina so ranar ya nuna da kansa, kowa yana gani.

Allah Ya yi maka albarka, Ya raya abin da Ya ba ku. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya kiyaye ka daga irin girman kan ubanka. Allah Ya jiƙan Innarku da Rabi, Ya sa su yafe mini. Ka gaida Maryamu ƙwarai. Habu da iyalinsa suna gaishe ka, Sale ya ce a ce maka ka zo masa da burodi.

Malam Isa ya ce saura gaisuwar mutum ɗaya, ko ya rubuta “yayanka”? Na ce a'a, sunansa za a sa. Ya ajiye biro ya ce, “To faɗi mana. Sharaɗinmu abin da bakinka ya faɗa.” Ka ga mugun aboki. Sai na faɗa, kuma ashe da ƙarfi ya fito. Yayanka yana tsakar gida yana ɗaure bakin kwandonsa. Sai muka ji ya ce, “Na'am, Baba?” Ga shi nan ya shigo zauren ya tsuguna a gabana, yana jira in aike shi. Ba ni da aike. Na ce ya zauna kusa da ni.

Auwalu yana gaishe ka.

Wassalam. Ni ne ubanka,
Malam Jibo